Wa Ya Rataya Maka? Nazari a Kan Takobi a Ƙasar Hausa

Ranar wata Asabar da la'asar sakaliya, ina zaune a bakin wani shago a Badarawa tare da wani dattijo maƙwabcina, sai ga ayarin masu hawan angwanci sun ɓullo daga wajen Kwaru. Dawakin ba su wuce goma ba, yawancinsu na haya ne, ga babura a baya suna ta hon. A gaba akwai wani saurayi da bai fi shekara ashirin ba, ya sha rawani har da amawali, ya zare takobi tsirara yana kaɗa shi a sama, kuben kuma yana lilo a ƙugunsa an ɗaure da bel. Dattijon nan a cikin birnin Zariya ya tashi, a gidan masu hawa. Ya bi yaron da kallo har ya zo daidai da mu, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Kai samari, wa ya rataya maka?" Yaron ya ja linzami ya ce, "Baba, saya na yi." Dattijo ya gyaɗa kai, bai ƙara masa ko uffan ba. Da suka wuce sai ya juyo gare ni ya ce, "Ka ji fa. Wai saya ya yi."

Yaron gaskiya ya faɗa, kuma ba laifi ya yi ba. Tambayar ce ta fito daga wani zamani, amsar ta fito daga wani. A zamanin da dattijon ya gada, ba a tambayar nawa takobi yake, ana tambayar hannun da ya fito. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, kuma iya abin da na bi na tarihin takobi a ƙasar Hausa, nan yake mai da ni: darajarsa tana ga wanda ya ba da shi da iznin da ya biyo shi, ƙarfen kuwa shi ne mafi arha a cikin lamarin.

Harshenmu ya riƙe shaidar wannan fiye da yadda muke lura. Kullum jaridu suna cewa gwamna ya lashi takobin gyara asibitoci, ko kocin ƙwallo ya lashi takobin cin kofi. Ba wanda ya taɓa ganin ɗayansu ya kai harshe ga ƙarfe. Amma maganar ba daga sama ta faɗo ba. Tana nuna lokacin da mutum kan sa makami a bakinsa ya yi alwashi, ma'ana in ya saɓa, abin da ya lasa ya ci shi. Takobi a nan shaida ne, kuma shi ne mai hukunta wanda ya karya alkawari. Haka in rigima ta yi tsami, dattawa kan ce a mai da wuƙa kube. In aka ce wane shi ke da wuƙa da nama, an gama magana a kan wanda iko ke hannunsa. Mafi nauyi duka ita ce kalmar sarkin yanka. Har gobe haka ake kiran sarki mai daraja ta ɗaya, kuma asalin sunan ba ɓoyayye ba ne: shi ne wanda shari'arsa kan kai ga rai, shi ke da hauni mai zartar da hukuncin kisa. Dagaci yana iya mallakar takubba goma a ɗakinsa, amma ba shi da yanka. Ashe ƙarfe daban, izni daban.

Manyan labaran kafuwar sarauta a ƙasar Hausa guda uku, kowanne akwai kaifi a tsakiyarsa.

Na Daura kowa ya san shi tun daga firamare. Bayajidda ya baro Barno, ya biyo ta Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa makami, ya isa Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki. Ya tafi ya sare kan macijin ya ɓoye. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ya faru da gari ya waye. Fadawa da jarumai da yawa sun yi da'awar su suka yi kisan, sai aka ce kowa ya kawo kai. Wato aikin makami bai zama hujja ba sai da aka kai shi gaban sarauniya Daurama ta tabbatar, ta kuma saka da aure. Daga nan mulki ya tashi daga hannun magajiyoyi mata ya koma ga maza. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa cibiyar bincike ta Gidan Arewa a nan Kaduna a 1970, yana cikin masanan da suka nuna cewa ba a ɗaukar wannan labari a matsayin tarihin yadda daulolin Hausa suka kafu. Na yarda da shi. Sai dai labari ko bai faru yadda aka faɗe shi ba, yana gaya mana abin da masu faɗarsa suka ɗauka da girma. Mutanen Daura sun zaɓi su ajiye makamin a fada, su nuna shi a matsayin gadon Bayajidda, kuma sun zaɓi kada su manta da maƙeran Gaya. Ga mai son kwatance, tsofaffin labaran mutanen arewacin Turai ma suna da jarumi Sigurd, wanda maƙeri ya haɗa masa takobi mai suna Gram ya kashe dodon maciji da shi. Baƙo, maƙeri, maciji: abin mamaki ne yadda mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba suka haɗu a kan waɗannan uku.

Na Katsina ya fi ɗaci. Korau baƙo ne daga 'Yandoto, Sanau kuwa shi ne na ƙarshe a sarakunan Durɓawa. Riwaya ta ce an haɗa su kokawa, matar Sanau ta ci amanarsa ta raba shi da layarsa, Korau ya kayar da shi ya yanka shi, ya hau gadon. Masana suna sa zamanin Muhammadu Korau a tsakiyar ƙarni na 15. Takobin da ake danganta wa wannan aiki sunansa Gajere, kuma yana cikin kayan sarautar Katsina har yau. A jikinsa akwai rubutun Larabci: gefe guda ayar da ke bushara da taimakon Allah da buɗi na kusa, ɗaya gefen ambaton Zulfiƙari da Sayyadina Aliyu. A.D.H. Bivar ya yi nazarinsa tare da na Daura a littafinsa kan makaman Arewa da ya fito a 1964. Ka dubi tafiyar Gajere. Da Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, zuriyar Haɓe suka yi arewa har suka kafa Maraɗi, inda sarkinsu yake amsa sunan Sarkin Katsina har yanzu. Suna ya tafi Maraɗi, takobi ya zauna a Gidan Korau, fadar Katsina. Dallazawa suka riƙe shi kusan shekara ɗari, sannan ya koma hannun Sulluɓawa da aka naɗa Muhammadu Dikko a 1906. Gida uku, ba su haɗa jini da juna ta fuskar gadon sarauta ba, amma kowanne ana yi masa kirari da magajin Korau. Abin da ya ɗinke su shi ne gidan da suka shiga da takobin da suka tarar a ciki. Makamin da aka yi juyin mulki da shi ya wayi gari shi ne takardar shaidar halaccin mulki, kuma ba wanda ya ga saɓani a cikin haka.

Na uku shi ya fi shafar mu a Badarawa, tunda ƙasar Zazzau muke zaune. Riwayar Zazzagawa ta ce sunan Zazzau kansa sunan wani takobi ne da mutanen ƙasar suke girmamawa tun kafin a yi sarakuna, kuma shugabannin farko ana ce musu Maɗau Zazzau, wato mai ɗaukar Zazzau. In haka ne, to a nan takobi ya riga sarki, har ya riga ƙasar samun suna. Shugaba ɗan dako ne kawai na wani abu da ya girme shi. Da Malam Musa ya zo da tutar Shehu Usmanu wajen 1808, Sarki Muhammadu Makau ya fita ya yi kudu zuwa Zuba, kuma mutanen Suleja suna cewa ya tafi da kayan sarauta har da wannan takobi. Ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da aka sake wa suna Suleja da aka ɗauki sunan aka ba sabon babban birnin tarayya, kuma sarkinsa har yau Sarkin Zazzau ne. A Katsina mutane suka tafi takobi ya zauna, a Zazzau takobi ya bi mutane aka bar wa sababbin masu mulki ganuwa da gari.

Sarauniya Amina kuwa, duk mai zane ko mai sassaƙa da ya tashi siffanta ta sai ya ɗora mata takobi a hannu, alhali abin da littafin tarihin sarakunan Kano ya ƙirga mata shi ne garuruwan da ta ci, da harajin babanni 40 da goro 10,000 daga Sarkin Nupe. Masu zanen ba su yi kuskure ba. Suna neman hanya mafi gajarta da za su ce wannan mace ta yi mulki irin na maza, kuma ba su sami wadda ta fi wannan ba. Turunku, inda ake danganta gidansu, ga shi nan kusa da mu a ƙaramar hukumar Igabi.

To daga ina ƙarfen yake zuwa? Nan ne labarin yake ba da mamaki. Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. An gwada ragowar wata matoyar tama a gindin Dala aka samu ta kai ƙarni na 7, kuma Abagayawan Kano suna cewa kakansu maƙeri ne da ya taso daga Gaya neman tama. Duk da haka, ruwan takubban da mahaya suka fi so daga ƙetare yake zuwa. Bature Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya rubuta cewa ana kawo ruwan takubba daga tsibirin Malta zuwa Bangazi, a ƙetaro hamada da su zuwa Barno, sannan a yi musu ƙota da kube a Kano. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a shekara, kusan duka ƙirar garin Solingen na Jamus, kowanne a kan wuri 1,000. Daga kasuwar Kano Abzinawa da Nufawa da Barebari da Fulani suke saye. Shi dai Barth ɗin ya ce iyali guda suna iya rayuwa cikin wadata a Kano da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara, har da tufafinsu. Yi lissafi da kanka: ruwan takobi bai wuce cefanen mako guda ba.

Sai ka kwatanta da Turai a farkon zamaninta na tsakiya. Wata dokar Farankawa ta ƙarni na 7 ta yi wa takobi da kubensa kuɗi tsabar zinariya 7, a lokacin da take yi wa sa lafiyayye 2. Takobi ɗaya ya fi shanun noma uku. Shi ya sa a can mallakarsa kaɗai ta isa ta raba mai gari da talaka. A 805 Sarkin Farankawa Shalaman ya hana fatake sayar wa maƙwabtansa na gabas makamai. Ibn Fadlan, jakadan halifan Bagadaza, ya ga mutanen Rus a bakin kogin Volga a 922, ya ce kowannensu ba ya rabuwa da gatari da wuƙa da takobi irin na Farankawa. A kabarin Sutton Hoo na gabashin Ingila, wanda aka tona a 1939, an sami wani babban mutum na farkon ƙarni na 7 an binne shi cikin jirgin ruwa da takobi mai ƙotar zinariya da jajayen duwatsu. A wancan ƙarnin ne maƙeran Dala suke zuga wutarsu. A 1014 wani ɗan sarkin Ingila, Athelstan, ya bar wa ƙanensa Edmund wasiyyar takobin Sarki Offa, wanda ya rasu tun 796. Wannan kam Bakatsine zai gane shi ba tare da an yi masa bayani ba.

Akwai bambanci guda da ya shafi yadda muke sanin tarihin. Su Turawan wancan zamani suna binne takobi da mai shi, wani lokaci har su lanƙwasa shi don kada wani ya ƙara amfani da shi, saboda haka masu tonon ƙasa suke da ɗaruruwan takubba a gabansu suna aunawa. Mu kuwa, duk da kaburburan Durɓi ta Kusheyi sun nuna an taɓa binne manya da kayan ado a ƙasar Katsina, Musulunci ya zo ya tsayar da gawa a kan likkafani. Takobinmu bai shiga rami ba, gado ya shiga. Shi ya sa tarihinsa yake a fada da bakin maroƙa, kuma shi ya sa yake da wuyar tantancewa, don abin da ke hannun masu rai kullum ana sake masa kube, ana sake masa labari.

Wani abin dariya da ya haɗa mu da su shi ne jabu. A Turai akwai takubba masu ɗauke da sunan Ulfberht, an gano wajen 170, kuma da yawansu kwaikwayo ne, wasu ko harrufan ba a jera daidai ba. A nan ma maƙeran Hausa da na Abzin sun ga tambarin da ke jikin ruwan Turai, musamman jinjirin wata biyu masu fuska, sai suka riƙa buga shi a kan nasu. Ban ɗauki wannan zamba tsantsa ba. Mai saye ya riga ya ɗauki tambarin a matsayin wani abu mai kama da laya, kuma takobi marar shi kamar bai cika ba.

Tunda ruwan yana da arha haka a Kano, me ya hana kowane manomi zama barde? Abin da ke kewaye da ruwan ne ya hana. Takobin Hausa miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, ɗan'uwan takoba ta Abzinawa, har sunan ma ɗaya ne. Maƙerin baƙi ya gyara ruwa, maƙerin fari ya yi wa ƙota ado da jan ƙarfe ko azurfa, baduku ya ɗinka kube da jar fata da koriya, sannan a kitsa hamila mai tuntaye. Da hamilar ake rataya shi a kafaɗa ya sauko ta haƙarƙari, ba a ɗaure shi a ƙugu irin na sojan Turawa. Wannan ma yana cikin abin da ya sosa wa maƙwabcina rai game da bel ɗin yaron nan. Bayan duk wannan sai doki, wanda shi ne ainihin tsadar, da ɗan kula da shi, da dawar da zai ci. Talaka bai iya wannan. Sarki ko hakimi ne yake ba baransa doki da sirdi da takobi, shi kuma ya zama duk ran da aka buga tambari sai ya fito. Kyautar bashi ce da ake biya da jini. Da yawa daga cikin waɗanda aka rataya wa ma bayin sarki ne, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano, waɗanda ƙarfinsu ya kai su ga sa baki a kan wanda zai hau gado. A wajen Abzinawa ƙa'idar ta fi tsanani: takoba ta 'ya'yan sarauta ce, bawa ba ya ratayawa, maƙerin da ya haɗa ta kuma ajinsa daban ne a cikin al'umma.

A fagen fama kuwa, in za a faɗi gaskiya, takobi ya ci sunan da ba shi kaɗai ya yi aikinsa ba. Tun zamanin Sarkin Kano Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410 kuma aka ce shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, mahayi ya zama kagara mai tafiya, amma makaminsa na farko mashi ne. Sai an gwamutse ake zare takobi. Yawancin rundunar kuma dakaru ne, 'yan baka masu kibiya da dafin kwankwani. A Tafkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade masu sulke da lifidi da taimakon Abzinawa. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin Malam Abdullahi, dawakinsu ba su taka kara sun karya ba, baka da kwari ne ƙarfinsu, kuma su suka yi nasara. Amma ka taɓa jin wata kibiya mai suna a kayan sarautar wani gari? Kibiya ana harba ta ta tafi, ba a san wanda ta kashe ba, ba a san wanda ya harba ba. Takobi kuwa sai ka matso har ka ga idon abokin gabarka, kuma bayan an gama yana nan a hannunka, ana iya nuna shi a ce wannan ne. Makamin talaka ya ci yaƙi, na mai doki ya ci kirari.

Jihadi ya zo da wata alama da ta sha gaban takobi, wato tuta. Malam Musa a Zazzau, Sulaimanu a Kano, Yakubu a Bauchi, Buba Yero a Gombe, Modibbo Adama a Fombina, hujjar kowannensu ita ce izni daga Shehu, kuma har yau gidajensu da tuta suke alfahari. Kano ma, in ka lura, tagwayen masu ne alamar sarkinta da kowa ya sani. Duk da haka takobi bai fita daga lissafin ba, sama ya hau. A ɗan littafin da ya yi kan wuridinsa, Shehu Usmanu ya ba da labarin cewa yana da shekara 40, wajen 1794, ya ga kansa a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Shaihu Abdulƙadir Jilani ya naɗa masa rawani ya rataya masa takobin gaskiya. Daga nan Mervyn Hiskett ya ɗauko sunan littafinsa na 1973 kan rayuwar Shehu. Shehu da kansa ba mayaƙi ba ne. Ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello da Aliyu Jeɗo su ne suka ja runduna. Amma dubi siffar labarin: bai ce ya ɗauka ba, ya ce an rataya masa, kuma ya faɗi wanda ya rataya. Ya amsa tambayar maƙwabcina shekara goma kafin hijira zuwa Gudu. Wannan tunani yana da tushe mai zurfi a Musulunci, tun daga Zulfiƙari da ya zo hannun Annabi a ganimar Badar ya koma ga Aliyu, har laƙabin Takobin Allah da aka yi wa Khalid ɗan Walid.

Shekarar 1903 ta raba takobi da aikinsa. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli. Bindiga mai ruwa ba ta barin mahayi ya iso inda takobi yake da amfani. Turawa kuma sun fahimci alama sarai. Ba su ƙwace Gajere ba, ba su hana hawan salla ba, sai suka kawo sandar girma suka ɗora a kan komai, suka ce hukuncin kisa ba ya zartuwa sai Gwamna ya sa hannu. Gyaran shari'a na 1967 zuwa 1968 ya rufe kotunan sarakuna gaba ɗaya. Yanka ya tafi, sunan sarkin yanka ya saura. Da aka yi bikin naɗin Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli a Nuwamban 2020, abin da kowa yake jira ya gani a hoto shi ne lokacin da gwamna ya miƙa sanda.

Kaduna ce ta fi kowane gari ganin takobi a sabon matsayinsa na ado. Gari ne da Turawa suka mai da hedikwata a 1917, ba shi da ganuwa, ba shi da takobin kafuwa. Amma a nan aka tara dubban mahaya don Sarauniya Elizabeth a 1956, aka sake tara su a 1977 lokacin FESTAC, har aka gina otal ɗin Durbar saboda baƙin. A irin wannan taro ne ake ganin jafi: mahaya su sako dawaki a guje su nufo inda sarki yake, makamai a sama, sai sun zo dab su ja linzami su yi jinjina. Ana fassara shi da mubaya'a, kuma haka ne. Ni dai ina ganin akwai tunatarwa a ciki, irin wadda bara kan yi wa ubangidansa ba tare da ya buɗe baki ba: ga abin da ka ba mu, yana nan da kaifinsa, kuma mu ne muka tsayar da dokin.

Nan kusa da mu, a tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshi ta NDA wadda aka kafa a 1964, wata al'adar takobi ta daban ta yi shekaru tana gudana kafin a koma Afaka. Duk ɗalibin da ya fi kowa a cikin masu fita, ana miƙa masa takobin girmamawa a gaban fareti. Al'adar daga Sandhurst ta Ingila aka ɗauko ta, takobin siriri ne, a ƙugu ake ɗaura shi, ba wanda zai je daji da shi ya fuskanci 'yan bindiga. Amma da za ka tsayar da wannan hafsa ka ce wa ya ba ka, zai faɗi suna da rana.

Talakawa ma ba su bar maganar ta wuce su ba. 'Yan tauri, masu maganin ƙarfe, da suke gurza wuƙa a ciki da wuya a gaban jama'a ana yi musu kiɗa, wani irin martani suke mayarwa: ku riƙe kaifinku, mu ba ya cin mu. Ko mutum ya yarda da maganin ko bai yarda ba, ya ga abin da wasan yake faɗa. Wanda ba shi da kyan gani shi ne na 'yan sara-suka a unguwannin Kaduna da 'yan daba a Kano, masu yawo da adda da barandami da takubban da aka yanko daga sifirin mota. Kusan kowace salla sai 'yan sanda sun yi gargaɗi kan fitowa da makami wajen hawa. Kada dai a ɗauka na dā tsarkaka ne. Takubban da sarakuna suka rataya wa barade sun kamo bayi, sun ƙone ƙauyuka, kuma mutanen kudancin Zazzau suna da nasu labarin wannan hamila mai tuntaye, wanda ba na kirari ba ne. Izni bai mai da zalunci adalci ba. Abin da ya yi shi ne ya sa an san ƙofar da za a bi a kai ƙara, ko a ɗora laifi.

Bayan kwana biyu da wucewar mahayan nan, dattijon ya kira ni cikin ɗakinsa ya jawo wani dogon ƙunshi daga ƙarƙashin gado. Kuben ya tsattsage, hamilar ta koɗe daga ja ta koma ruwan ƙasa, amma ruwan yana sheƙi don yana shafa masa man gyaɗa. Kusa da ƙota ga jinjirin wata biyu suna kallon juna. Ya ce hakimin da kakansa ya yi wa barantaka ne ya rataya wa kakan, ya faɗi sunan hakimin da garin da ranar hawan da aka yi abin. Ya ce wani dillalin kayan tarihi ya zo har sau biyu yana tayawa. Na ce, "To Baba, kai wa za ka rataya wa?" Ya yi dariya ya ce babban ɗansa makanike ne a Panteka, kuma tun yana yaro tsoron doki yake ji. Ya goge ruwan da gefen rigarsa, ya mai da shi kube, ya ce in taya shi tura ƙunshin can ciki kada jikoki su gani.